Itacen Bayan Gidan Tomeyo

Ɗan magudanar ruwa ne ya raba gidana da na Tomeyo Hikichi. Ina firamare aka kawo ta ƙauyenmu amarya, kuma tun daga lokacin aiki ɗaya na san ta da shi, shanya kanya. Kanyarmu takan kai dunƙulen hannu, amma ɗanyarta bauri gare ta. Sai sanyi ya kama a tsinke, a fere, a jera a igiya, a turara da farar wuta, a rataye iska ta yi sauran aikin. Tomeyo da wuƙar uwar mijinta take fira, wuƙar da wasawa ta cinye har ta koma kamar ganyen gora.

'Yarta ɗaya, Cizuru. Akwai wani tsohon itacen kanya a bayan gidan, a gindin tudu, wanda surukinta ya dasa. Igiyar farko daga itacen nan ta Cizuru ce kowace shekara. Ko mijin Tomeyo, da yana da rai, bai isa ya taɓa ta ba. Da Cizuru ta yi aure a birni, sai igiyar ta riƙa bin ta a kwali.

Shekarar da ƙasa ta girgiza, rufin gidajenmu ne kawai ya zube. Bayan 'yan kwanaki tashar nukiliya ta bakin teku ta fashe. Mu muna bayan duwatsu, ba a ce mu tashi ba, amma iska da ƙanƙara sun kawo mana rabonmu na gubar. Ba ta da wari, ba ta da launi. Aka kafa na'urar awon gubar a ƙofar makaranta, rediyo ya riƙa faɗin lambar kowane gari tare da labarin yanayi. Cizuru ta ɗauki jaririyarta, Konomi, ta koma wajen dangin mijinta a lardin Yamagata, nesa da tashar. Ta yi ta roƙon uwarta ta bi su.

"In tafi in bar wa wa itatuwan?" in ji Tomeyo. "Shozo? Mutumin da tumatir ma ke mutuwa a hannunsa?"

Ni ne Shozo. Gaskiya kuwa ta faɗa.

A shekarar aka hana shanya. Muka tsinke kanyar muka zuba a rami. Da hunturu muka hau tsani muna wanke gubar daga itatuwa da mesar ruwa, ruwa yana daskarewa a hannun riga. Tomeyo ta haura saba'in, amma da hannunta ta kankare ɓawon tsohon itacen.

Shekarar da ta biyo aka kawo injin auna gubar da ke cikin abinci ɗakin taron ƙauye, wata Malama Yashima ke kula da shi. Tomeyo ta tsinko ɗanyar kanya daga tsohon itacen ta kai. Lamba ta fito ƙasa da ƙa'ida. Ta dawo ta fere, ta rataye a bakin rumfarta. Na ce mata ai har yanzu ba a ɗage hanin shanya ba.

"Wa ya ce maka ta sayarwa ce? Ta 'yata ce. Na kuma auna."

Da ta bushe, ta aika.

Ranar da Cizuru ta bugo waya ina gidan Tomeyo, na kai mata kabeji. Kunnen Tomeyo ya yi nauyi, sautin wayarta a buɗe yake, don haka na ji komai.

"Inna, kin auna kanyar nan kuwa?"

"Na auna mana. Tambayi Shozo, ga shi nan yana shanye mini shayi."

"Ɗanya kika auna ko busasshiya?"

Cizuru ta ci gaba.

"Na kai an auna a nan, ta wuce ƙa'ida sosai. Inna, ruwan ne ke fita in ta bushe, gubar tana nan, taruwa ma take yi. Konomi ta miƙa hannu cikin kwalin, sai da na buge hannun. Ina roƙonki, kada ki sake aiko mana komai daga gida."

Babu wanda ya fi Tomeyo sanin yadda kwando huɗu na ɗanya ke komawa ɗaya. Rayuwarta duka tana ɗaga su. Kawai tunaninta bai kai nan ba.

Ba ta yi kuka a gabana ba. Daga wannan shekarar ta riƙa shanya kanyar kowane itace daban, da ƙyalle mai launi daban a bakin igiya, ta kuma kai busasshiya a auna. Injin ba ya karɓa sai an daddatsa, ita kuwa kullum sai ta yi mita.

"Mai kyan nan za ki yi wa haka? Ba ki da tausayi, yarinya."

"Goggo, ke kaɗai za ki tsufar mana da injin nan," in ji Malama Yashima.

Itatuwanta na bakin rafi suka fita lafiya. Tsohon na bayan gida kuwa, inda ruwan tudu ke gangarowa, ya ƙi. Shekara ta zagayo ya sake ƙi. Wata safiya ta leƙo ta kan magudanar.

"Shozo, zo da zartonka."

"Yaya, surukinki fa ya dasa shi."

"Ya ci nasa ai. Yanke."

Na yanke.

Duk da haka ba ta aika komai ba. An ce kada ta aika, ta riƙe. In sun yi waya, sai zancen gwiwa da sanyi.

Wata Sabuwar Shekara Cizuru ta zo da Konomi, yarinyar ta kusa shiga makaranta. Sun taho da shinkafarsu da ruwansu a bayan mota. Tomeyo ta gani, ta karɓa, ta dafa musu da su. Cizuru ta zagaya baya za ta shanya tawul, ta tarar da kututture. Ta daɗe a tsaye. Da ta dawo ta dubi igiyoyin da ke bakin rumfa.

"Waɗannan na ina ne?"

"Na bakin rafi."

"Busassu aka auna?"

"Busassu."

Cizuru ta tsinki ɗaya ta ci a tsaye. Konomi ta ja rigarta tana so, ta ce mata ba yanzu ba. Suka koma ba su ɗauki ko ɗaya ba, Tomeyo kuma ba ta yi tayi ba.

Da sanyi ya sake kamawa, waya ta yi ƙara ina taya ta ɗaurin igiya.

"Inna, Konomi ce ta dame ni da zancen abin nan da na ci. In ta bushe, ki aiko da kaɗan."

"To," in ji Tomeyo. Ta ci gaba da ɗaurin igiya.

Da ta bushe, ta kai rabin igiyar farko aka daddatsa aka auna, sauran ta jera a kwali. Ni ta ba in kai gidan waya. Har na tsallake magudanar ta ɗaga murya.

"Riƙe shi a miƙe, Shozo, ba kabeji ba ne."