Albashin Shekara ta Uku

Shekarun baya, wata ranar kasuwa, na dawo gida na tarar da takardu biyu a kan tabarmar mahaifinmu, an danne su da kofin shayi. Abin da ya fara ɗaukar idona wata lamba ce a ƙasan ɗayar, sifili a jere kamar ƙwai a faranti.

Ƙanena ne ya kawo su. Ɗan ƙwallo ne, mai tsaron baya, kuma ƙungiyoyi biyu ke nemansa, kowace da kwantiragin shekara uku. Ɗaya a Nijar take, nan tsallaken iyaka, ɗayar can kudu. Ni aka kira in karanta don ni ce 'yar boko a gidan, ko da yake rabin bokon nawa littattafan soyayya ne da nake haya a kasuwa.

Ta Nijar da Faransanci aka rubuta, amma lamba ba ta da yare: layi uku, adadi ɗaya, abin da za a ba shi bana shi za a ba shi baɗi. Ta kudu kuwa shekarar farko ɗan kaɗan ne, ta biyu an ɗan ƙara, ta uku ta fi biyun a haɗe. Idan aka tara, ta kusa ninka ta Nijar. A ƙarƙashin shekara ta uku akwai wani ƙaramin rubutu, wai ƙungiya ce ke da zaɓin riƙe shi ko sallamarsa. Na karanta shi da sauri, yadda nake tsallake shafin godiya.

Mahaifinmu, wanda ya tsufa a fatauci tsakanin Illela da Ƙonni, ya ce, “Mi zai hana su raba daidai in da gaske suke? Nairar da za su ba ka baɗin-baɗaɗa, ka san sefa nawa za ta saya?”

Ƙanena ya juyo gare ni. “Yaya, ke kinka yi karatu. Wacce zan sa wa hannu?”

Ni kuwa na riga na gama labarin a kaina. Jarumi ya sha wuya a farko, ya yi haƙuri, ya dawo gida da mota, ga amarya. Na ce ta kudu.

Shekarar farko albashin bai wuce kuɗin ɗaki da abinci ba. Ta biyu bai zauna benci ba ko sau ɗaya. Muna ƙirga watannin da suka rage a shiga ta uku, sai ya kira ni da hantsi, muryarsa ƙasa-ƙasa. An sallame shi. Kocin ya ce masa, “Ƙafarka ba ta da laifi. Albashinka na baɗi zai ɗaukar mana sababbin 'yan wasa biyu.”

Da ya iso gida na kasa haɗa ido da shi. Ya lura, ya yi dariya ya ce, “Haba Yaya, ni na riƙe biron. Zubo mini tuwo kawai.”

Sai daga baya na gane cewa a irin wannan takarda, jimla ado ce. Abin dubawa shi ne wace shekara aka ajiye kuɗin, da kuma wa ke da ikon hana shekarar zuwa. Har yau in na tuna sai in ji nauyi, don shekaru biyu mafi ƙarfi na ƙafarsa ya sayar da araha a kan maganata.

Ya koma neman ta Nijar, ya tarar sun ɗauki wani. Ya ƙara kakar wasa ɗaya a wata ƙaramar ƙungiya, sannan ya ajiye takalmi. Yanzu albasa yake lodi daga Tozai, yana da mata da 'ya'ya uku, da la'asar kuma yana horar da matasan unguwa. Bara wata ƙungiya ta nemi ɗaya daga cikinsu. Ƙanena ya bar lodi ya bi shi har can, ya kwana biyu yana ja da su, bai bari an sa hannu ba sai da aka raba albashin daidai tsakanin shekarun.