Injin Markaɗen Da Na Sa Aka Fasa

A lokacin da wannan abu ya faru ina da filin gwangwan a bakin hanyar Gauraka, kuma ina ganin babu wanda ya kai ni wayo a sana'ar. Da kurar turawa na fara, ina bin unguwannin Suleja ina sayen tsofaffin tukwane da ƙarafan gado, har Allah ya ba ni sikelina da wurin zamana. Da aka matsa wa 'yan bola jari a Abuja, sai kaya suka riƙa gangaro mana, na halak da na haram a buhu ɗaya. Hukuma ta ce kowane dila ya san wanda ya kawo masa kaya da inda ya samo su, abin da ya yi kama da na sata kuma a riƙe shi a kai rahoto. Shugaban ƙungiyarmu ya tara mu ya faɗa mana. Ni dai a raina na ce wata hanyar neman na goro ce kawai. Ina da tawa dokar da nake alfahari da ita: ba na sayen abu mai rai. Duk abin da ke aiki, fanka ce ko famfo ko inji, sai in ce a fita da shi. Fasasshe kawai nake aunawa, a ganina tarkace ba shi da mai shi.

A Kurmin Sarki inda nake zaune akwai maƙwabciyarmu, 'yar kudu ce, mijinta ya rasu ya bar mata yara da injin markaɗe. Da shi take ci da su. Madam muke ce mata. Ba a raba ta da maiɗakina, ranar Kirsimeti shinkafarta na shigowa gidanmu, da Sallah namanmu na shiga nata.

Wata safiya wani mutum da na saba sayen kaya a hannunsa ya turo baro, an rufe da buhu. Na ɗaga, na ga kan inji lafiyayye, har da danshin tattasai a jikinsa. Ban tambaye shi komai ba, na ce ya san ƙa'idata. Ya zagaya bayan katanga. Ina zaune ina shan shayi ina jin ƙarar guduma. Da ya dawo yana dariya ya ce to Oga, yanzu ai ya mutu, a auna gawa. Ni ma na yi dariya, na ware tagullar gefe, ƙarfen gefe, na sallame shi.

Bayan azahar sai ga Madam a filina, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce an ɓalle mata shago an ɗauke inji, ta zo ne don ni kaɗai ta sani a harkar, in taimaka in sa mata ido. Tana cikin magana idonta ya sauka a kan tulin ƙarfe. Ta sunkuya ta ɗauko wani ɓalli mai tabon walda, ta ce mijinta ne ya yi wannan ɗinkin da hannunsa. Ban yi mata ƙarya ba, na faɗa mata yadda aka yi tun daga baro har guduma. Ta daɗe tana juya ƙarfen, sannan ta ce, "Alhaji, da ka riƙe min shi yadda ya zo."

An kama mutumin, ni ma na amsa tambayoyi, aka rufe filina na wani lokaci. Madam ce ta je ta ce ba ta neman a ɗaure ni. Da na samu kaina na nemo mata wani injin, amma kafin nan masu ƙosai da masu abinci da ke kawo mata markaɗe sun saba da wani wuri. Ta gwada, ciniki bai dawo ba. Ƙarshen shekara ta kwashe yaranta ta koma garinsu. Maiɗakina ba ta taɓa yi min gori ba.

Na daɗe kafin in gane cewa ƙa'idar tawa ba ta taɓa hana sata ba. Ɓarayi kawai ta koya wa su fasa kafin su kawo, ni kuma in kwana da sanyin rai. Dokar da na raina ba ta nemi komai a wurina ba sai tambaya ɗaya da ɗan jinkiri. Yanzu duk wanda ya kawo min kaya sai na san shi, na san gidansu, ko da zai yi fushi ya kai wa wani. 'Yan'uwana masu sikeli, in abu ya zo muku lafiyayye, kada ku kore shi don ku wanke hannunku. Ku ajiye shi, ku bincika. Mai shi na nan tafe yana nema, kuma abin da aka riƙe ana mayarwa, wanda guduma ta taɓa kuwa sai dai haƙuri.