Neman Aure Wa Kifin Kawu Mai Teku

Duk wanda ya san Kawu Mai Teku ya san cokalin nan. Ɗan cokalin shayi ne, kullum yana aljihun gaba, inda sauran dattawa ke soke biro. Ka yi sallama gidanshi a Gwadangaji, kafin ya amsa gaisuwarka sai ya ɗaga murfin akwatin gilashin da ke falo, ya ɗebi ruwa, ya ɗanɗana, ya lumshe ido kamar mai duba miya. In ya ce, "Gishiri ya ji," to zauna, yau akwai hira. In ya yamutsa fuska, wallahi gara ka dawo gobe. Da yana da abin awon gishiri, ya fashe, ya ƙi sayen wani. "Halshen da Allah yab ba ni kyauta, mi yay yi?"

Kawu Sani yayan mahaifiyata ne, haifaffen Argungu, gidan masunta. Ya yi shekaru yana gadin sito a tashar jirgin ruwa ta Jidda, can ya ga kifayen Bahar Maliya, ya dawo gida da ciwon da ba ya jin magani. Mutum ya haɗa teku a tsakiyar Birnin Kebbi! Gishiri na musamman daga Ikko, duwatsun murjani, fitila shuɗiya, ɗan famfo mai aiki da sola. Duk hidimar nan don kifi ɗaya wanda bai wuce tsawon yatsa ba. Masu sayarwa feri-ras suke ce mai. Kawu ya ce wanga ba suna ba ne, ya raɗa mai Ɗan Gaye. Kuma ya ci sunan: baya ja wur, ciki fari, gefen fiffike shuɗi kamar an yi mai surfani.

Wata bazara amininshi Baba Manu ya zo daga Argungu, tsohon masunci wanda ya sha kokawa da giwan ruwa. Ya tarar da fanka ɗaya tak ta gidan an juya ta tana fifita akwati, ƙanƙara a leda tana yawo saman ruwa, shi kuwa mai gida yana gefe da mafici, zufa har gwiwa.

"Sani, kai ɗan masunta, wanga abu kaka yi ma bauta? Ko romon jinjiri ba ya kai!"

"Manu, kai dut abin da kag gani cikin ruwa, tukunya kaka tunawa."

"To juyo muna hwankar mu sha iska."

"Shi baƙo na. Kai shekara nawa kana Kabi ba ka narke ba?"

Haka Baba Manu ya sha hirarshi yana tsiyaya.

Bayan rasuwar matar Kawu, Inna Hajo, gidan ya yi shiru. 'Ya'yan suna Abuja da Kaduna, sun yi sun yi ya koma wurinsu, ya ce wa zai bar wa tekun? In ka shiga, ba ka jin komai sai gunjin famfo. Ni a lokacin ina safarar albasa daga Augie zuwa Ikko. Wata rana ya aika aka kira ni, ya ja ni gaban gilashi.

"Ummaru, dubi yaron ga. Ya koɗe."

Na duba. Da gaske, jan ya dushe kamar tsohon zane.

"Ko ciwo ne, Kawu?"

"Kaɗaici na. Namijinsu in ba wadda zai yi ma kwalliya, sai ya saki jiki. Ka biɗo mai mata Ikko."

"Kawu, ni ban taɓa zuwa neman aure ba."

"Na sani. Naka ma ni nij je."

Na isa Ikko, na sauke albasa, na nemi shagon da ya kwatanta min. Jama'a, ni mutum ne da ya ga duniya, na je Kwatano, na je Agadas, ba za a koya min gane mace ba. Na zagaya na nuna wadda ta fi kowa ado, mai dogon fiffike tana ja kamar mayafi. Ai kowa ya san kwalliya ta mata ce! Mai shago ya fara wani dogon Turanci yana kaɗa kai, na ce ya ɗaure min kawai. Aka zuba a leda, aka hura iska, aka sa a kula, irin ta ajiye ƙanƙara. A cinyata kular nan ta yi tafiya, Ibadan, Jebba, Kontagora, Yawuri, ko ramin hanya direba ya faɗa sai na ce ya yi a hankali, amarya muka ɗauko.

Na tarar Kawu ya fita sayen ƙanƙara. Na ce bari in ba shi mamaki, na kwance leda na juye. La ilaha illallahu! Ko a damben kaka ban ga irinshi ba. Ɗan Gaye da ke kwance kamar majinyaci ya taso ya baza fiffike, suka hau kora da cizo, yashi ya turnuƙe. Ina tsaye ina cewa ƙila haka soyayyarsu take, sai ga Kawu. Ya saki ƙanƙara a ƙasa, ya rarumi ɗan koman kamun kifi ya tsamo baƙon.

"Ummaru! Mi nic ce ka biɗo?"

"Mata, Kawu."

"Shi na kak kawo mai ƙato har cikin ɗaki!"

Da numfashinshi ya dawo ya zaunar da ni. "Wagga ƙabila, namiji ka ado. Macen ƙarama ta, jaja-jaja, ba ta da wani zane, sai ɗan ɗigon baƙi kusa ga wutsiya. In ka shiga shagon, wadda idonka yaƙ ƙi, ita ta." Washegari na sake ɗora kula a cinya. Ina jin a duk ƙasar Kabi ni kaɗai na taɓa mayar da ango gidansu.

Ashe nan aikin ya fara. Mai shago ya ce ba mai sayen matan, kowa launi yake so, don haka ba a cika kawo su ba. Na bar mai lambata. Wata ya bi wata. Duk dawowa sai na biya Gwadangaji in kai rahoto.

"Ba a samu ba, Kawu."

"Allah ya kawo. Zamna ka ci tuwo."

"Mota na jirana."

"Mota ta hi ka haƙuri, zamna."

Ba na zama. Sai ya rako ni bakin titi, ya tsaya har in shiga keke, in na waiwayo yana nan da hannu a baya.

Ran da aka samu, na kusa cewa a bar ta. 'Yar mitsitsiya, ta maƙale bayan dutse, ko kallon mutane ba ta yi. Na ce lallai ita ce. Kawu ya ɗaga ledar a haske, ya nemo ɗigon wutsiya, ya ce, "Yau ka yi hankali." Bai sake ta nan take ba. Ya sa ta a wani ɗan akwati mai huji-huji cikin babban, kwana uku, su riƙa ganin juna ba taɓawa. Ya ce ko kifi ba a yi mai aure ba zance. Rana ta huɗu ya buɗe. Ɗan Gaye ya ɗauko launin da ban san yana da shi ba, ya baza fiffike, ya sheƙa gabanta kamar walƙiya, ya dawo, ya sake. Kawu ya kira Argungu a waya yana ihu, "Manu, zo ka ga buki!" Da ya ajiye wayar ya daɗe yana kallonsu. Can ya ce, ba da ni ba, "Shi kam an samo mai."

Irin kifin nan tsalle gare su, shi ya sa ba a barin murfi a buɗe. Wata safiya Kawu yana ba su abinci aka yi sallama, ya fita bai rufe ba. Ya dawo ya tarar da Ɗan Gaye a kan darduma, ya mutu. Ya binne shi ƙarƙashin darbejiya. Baba Manu ya zo ta'aziyya, ya yi addu'a tsaf, sannan ya ce, "Amma da an ɗan soya..." Da mafici Kawu ya raka shi har zaure.

Bayan 'yan makonni muka haɗu da Baba Manu a gidan. Ya leƙa gilashi, ya ja da baya.

"Sani! Amaryar ga ta hwara gemu!"

Na matsa. Ɗigon wutsiya ya ɓace, fiffike ya yi tsawo, ja da shuɗi sun fito. Na ce na rantse mace na kawo.

"Mace kak kawo," in ji Kawu. "Haka Allah yah halicce su. Dut mata aka haihuwarsu. In namijin ya tahi, sai macen ta koma namiji ta riƙe gida."

"Subhanallahi!" in ji Baba Manu.

"Mi na abin mamaki? Tun da Hajo tat tahi, wa ka yi min shara da tuwo? Ni na mijin, ni na matar."

Muka kwashe da dariya, har Baba Manu yana share hawaye. Shi bai yi ba. Ya juyo ya ce, "Ummaru, koma Ikko. Wanga ma kada ya koɗe."

Wannan karon ma an daɗe kafin a samu macen. Ina Yawuri da kula a cinya, da rana tsaka, Baba Manu ya kira ya ce Kawu ya cika da safe, har an kai shi. Na iso na tarar mutane zaune a tabarmi ƙofar gida. Na shiga da kulata ina jin kunya, ban san inda zan ajiye ta ba. Baba Manu ya biyo ni falo, ya ɗauko ɗan akwatin nan mai huji, ya miƙo min.

"Jiya ya bar ma saƙo. Ya ce in ka iso, kwana ukku za ta yi cikin wanga kahin a sake ta. Ya ce kai za ka tsaya ka yi, kada ka ce mota na jiranka."

Na yi kwana ukun a gidan. Rana ta huɗu ni da Baba Manu muka buɗe mata.

Allah ya jiƙan Kawu Sani, ya yafe mai kurakuranshi, ya yalwata makwancinshi. Allah ya ɗebe mai kewa a can, ya sada shi da Inna Hajo a gidan da ba a rabuwa. Mu kuma Allah ya sa mu zauna in tsofaffinmu sun ce mu zauna. Amin.