Ƙunshin kilishin da ya tuɓe ni daga sarauta

Shekarun baya, can cikin shekarun casa'in, tun wannan tumbin bai fara riga ni shiga ɗaki ba, duk faɗin birnin Lyon na Faransa babu wanda ya kai ni sanin wata ƙungiyar mawaƙan rok ta Ingila. Mutum huɗu ne, dattawa masu gashi har kafaɗa. In mai jitarsu ya taɓa tsirkiya, sai in ji kamar an zare mini laka. Mai gangarsu kuwa in ya fara duka, ka ce hadarin Agusta ne ya taso daga gabas. Ɗakina a Villeurbanne, nan gefen Lyon, ba a ganin bango don hotunansu. Na haddace waƙoƙinsu kaf, alhali Ingilishina bai wuce na gaisuwa ba. 'Yan Nijar da muke karatu tare suna ce mini Sarkin Rok, ni kuma ina amsawa da ƙasaita.

Da aka ce za su yi wasa a Paris, sai na ja wani abokina ɗan Tawa. Ba don yana son kiɗan ba, shi da ko kaset na saka cewa yake, "Malam, rage mana, kamar maƙera na faɗa." Kawunsa ne ke zaune a unguwar Belleville can Paris, akwai wurin kwana da tuwo.

Ranar wasan da hantsi muka nufi otal ɗin da suka sauka, ko Allah zai sa in gaisa da mai jita. Na sha baƙar rigar fata cikin zafin da zai gasa ƙwai. Mutumina kuwa ya fito da shadda da hula, riƙe da ƙunshin kilishin da matar kawu ta ba shi.

Na ce, "Don Allah ka rufa mini asiri. Tsaya can nesa, kada a san tare muke."

Bai yi musu ba. Ya koma gefen ginin, ya zauna kan dakalin wata 'yar ƙofa, ya kwance kilishinsa. Ni kuma na kutsa cikin ɗaruruwan masoya har gaban shingen ƙarfe, na yi ta dahuwa.

Can na waiwaya, sai ga 'yar ƙofar nan ta buɗe. Wani dogon dattijo ya fito shan iska da silifa. Jama'a, mai jita ne! Abokina, da yake ba a ci gaban mutum a ƙyale shi, sai ya gusa ya miƙa masa: "Bismilla." Dattijo ya yaga ya tauna. Yaji ya kama shi, ya yi ta tari da hawaye yana dariya, ya kuma ƙara yagar wani. Ya leƙa ciki ya kira mai ganga. Kafin in haɗiye yawu, sun dafa kafaɗar ɗan Tawa sun shige da shi.

Na ƙwala ihu, "Ɗan'uwana ne! Uwa ɗaya uba ɗaya!" Wani ƙaton mai gadi ya dube ni ya ce, "Reculez, monsieur," wato in ja da baya.

Sai bayan la'asar abokina ya fito, da hoto a hannu, shi a tsakiya, su huɗun sun kewaye shi.

Ya ce, "Wallahi mutanen kirki ne, sai dai tsufa. Dogon nan gwiwa ke damunsa. Na ce ya nemi man kaɗanya."

"Dogon nan? Mutumin da duniya ke wa tsayuwa ne dogon nan? To, ka dai ba shi labarina?"

"Ai kai ka ce kada a san tare muke."

Wasan ya yi kyau, haka na ji ana faɗa. Ni dai duk sanda mai jita ya durƙusa da jitarsa, man kaɗanya nake tunawa, ga mutumina a gefe ya toshe kunnuwa da yatsu. Bayan wasa muka hau jirgin komawa Lyon.

Abin da ya ƙarasa ni, da muka isa sai ɗakinsa ya zama kasuwa. Har 'yan unguwar Minguettes, can bayan gari, ke hawo bas su zo ganin hoto. Shi kuwa bai ma bambance mai waƙa da mai ganga, ina tsaye bakin ƙofa ina gyara masa, ba mai ko waiwayo na. Kafin wata ya ƙare, in an kira Sarkin Rok, shi ke amsawa.

Yau furfura ta kama mu duka. Har gobe in na kunna waƙoƙinsu tsigar jikina na tashi, don mutanen nan sun iya, ba ƙarya. Amma da an zo wurin da jita ke kuka ita kaɗai, sai in tuna ƙunshin kilishin nan, daɗin kiɗan ya gushe. Abin da na koya dai, wanda ka kora gefe, mai yiwuwa bakin ƙofar arziki ka kora shi.

Kwanan baya muna waya na kasa haƙuri, na ce, "Kai dai ka san har abada na fi ka son mutanen nan."

Ya yi dariya ya ce, "Wa ya musa, Malam? Kai ne mai sonsu. Ni dai kawai suka sani."