Turmin Gidan Larabawa

Gidan da aka kai ni aure gidan Larabawa ake ce masa, ko da yake ranar da na fara ɗaga lulluɓi na dube su ban ga wanda ya fi ni haske ba. Hanci dai suna da shi, wannan ba a musu. Larabci kuwa sai an buɗe littafi. Ni 'yar manoma ce daga wani ƙauye a ƙasar Kunci, inda gonarka ke manne da ta maƙwabcinka, gamba kaɗai ke raba ku. Da ubana ya ji Sharifai, jikokin Manzo, suna neman 'yarsa, sai ya bi gari gida-gida yana faɗa kamar an naɗa shi dagaci. Ni ma ina son mutumin da ke nemana, ba zan ɓoye ba.

Surukata, wadda kowa ke kira Inna, ita ce rumbun tarihin gidan, kuma ba ta jira a tambaye ta. Muna tankaɗe take farawa. Kakan kakansu ya keto hamada daga Tarabulus da raƙuma, ya sauke alharini da takarda da turare a birni, ya ga wuri ya zauna. Ɗansa ya bar fatauci ya kama karatu har ya yi limanci. Jikansa aka turo ƙasar nan alƙali, shi ya gina soron da ake shiga gidan ta cikinsa. Zamanin Nasara an taɓa tuɓe wani daga cikinsu don ya ƙi yanke hukuncin da Bature ke so, aka nemi wanda zai iya aikin aka rasa, aka dawo da shi ana ba shi haƙuri. Da siyasa ta zo, jam'iyyu biyu da ba sa ga maciji da juna duk a zauren surukina suke durƙusawa, waɗannan da safe, waɗancan da yamma. Baba, haka muke ce masa, addu'a ɗaya yake yi wa kowa: Allah ya ba mai rabo sa'a. Ƙanensa har majalisa ya shiga. Akwai wani a tsakiyar salsalar da ya watsar da allo ya bi kiɗan garaya, amma in Inna ta zo kansa sai tari ya kama ta.

A gidan ba a riƙe fartanya. Suna da gonaki, mutanen gari ke yi musu gayya, in kaka ta yi kuma damman gero su yi ta shigowa, na zakka da na neman albarka. Su kuma nasu aikin addu'a, da raba faɗan iyaka, da jan sallar roƙon ruwa. Kowace Juma'a ana hura tanderu a gasa gurasar alkama, abincin da kakansu ya zo da shi, a raba wa duk wanda ya zo. Inna takan ce hannun gidan nan a sama yake, bai taɓa zama a ƙasa ba.

Ni ban zo a sa'a ba. Kafin a kawo ni soja sun karɓi mulki, an rushe jam'iyyu, an ɗauke shari'a daga hannun irinsu, masu zuwa da buhu a bayan mota duk sun ɗauke ƙafa. Sai ruwa ma ya ɗauke. Damina ta farko gero ya fito ya tsaya a gwiwa. Ta biyu aka yi shuka, aka sake, iri ya ƙare a ƙasa. Baba ya ja mutane bayan gari roƙon ruwa, suka juya rigunansu, suka dawo rana na dukansu. Suka sake fita, haka. Daga nan in an gaishe shi, ƙasa ake kallo. Wanda bai girbe ba me zai fitar na zakka? Rumbunanmu suka koma ɗakin ɓera, daga baya ɓerayen ma suka tashi.

A lokacin ina goyon ɗana na fari, namiji, bai kai yaye ba. An sa masa sunan kakan nan mai raƙuma. Ɗan fari kuwa kowa ya san dokarsa: uwa ba ta faɗar sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Yaron nan nake ce masa. Inna ce mai ɗaukarsa, tana kiransa angona, tana yi masa tsiyar bai kawo cefane ba. Nawa in ba shi nono, kaina a juye kamar an sa ni dole.

Da hatsi ya ƙare ƙaf, Inna ta kira ni madafa ta ce, "Daka ba zai tsaya a gidan nan ba."

Na ce, "Inna, me za a daka?"

Ta nuna min tarin ƙaiƙayi a gindin rumbu.

Haka kullum da hantsi nake zuba ƙaiƙayi a turmi in yi ta luguden banza don maƙwabta su ji. Ran Juma'a a cusa kara a tanderu a kunna, hayaƙi ya tashi sama da katanga. Ni da na tashi a gindin turmi na san kukan turmi mai hatsi daban yake da na wofi, kuma duk matan garin sun san abin da na sani. Ga shi ko yaro ɗaya bai ƙara zuwa karɓar gurasa ba, a garin da yara ke tonon gidan tururuwa suna neman ƙwaya. Iyayensu ne suka hana su. Mu muna rufa wa kanmu asiri, su suna taya mu, kowa na ganin ya kyauta.

Abin da muke ci tafasa ce da yaɗiya da ɗan dusa. Tasoshin Inna suka bi dillaliya ta ƙofar baya ɗaya bayan ɗaya. Gidanmu da zan gudu in je, iyayena sun kulle shi sun yi kudu da sauran 'yan ƙauyen. Nonona ya fara raguwa, rannan ya ƙafe. Yaron ya ja, ya ja, ya saki ya dube ni. Da farko yana kuka har muryarsa ta dushe. Daga baya ya daina, gashinsa ya yi ja ya kwanta, ƙafafunsa suka kumbura. Inna takan tauna ganye ta sa masa a baki, ya turo da harshe. Rabonta na dusa ma ni take turo wa, ta ce ita azumi take.

Malam, mijina, ya tafi birni wurin danginsu, waɗanda har lokacin suna da mutane a gwamnati. A ƙafa ya kai Ungogo kafin ya sami mota. Suka karɓe shi hannu bibbiyu, suka yanka masa kaza, suka tambayi mutan gida ya ce lafiya lau. Ya zauna yana jira su gane, su kuma ba su ga dalilin da ɗan gidan alƙali zai zo da wata buƙata ba. Ya dawo da sabuwar riga 'yar ciki da kwalbar turare. Na karɓa na ce an gode, na sa a akwati. Ko haushi ban ji ba. A lokacin zuciyata ta zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Ana nan aka ce gwamnati ta kawo jar dawa ta agaji, za a raba a ƙofar dagaci, kowane maigida ya zo da buhunsa. Aka aiko wa Baba ya je ya buɗe rabon da addu'a. Ya sa alkyabbarsa ya tafi, ya yi addu'a mai tsawo, aka shafa, aka rako shi har ƙofar soro hannu rabbana. Su a ganinsu miƙa wa Sharifi dawar agaji a gaban jama'a cin fuska ne.

Na sami Inna a ɗaki na ce, "Inna, a bar ni in je layin nan. Ni ba Basharifiya ba ce, ba wanda zai ce komai."

Ta ce, "Daga gidan wa za ki fito? In aka ga matar gidan nan da ƙwarya a layi, gobe garin nan ya watse. Mutane na zaune ne don suna ganin hayaƙinmu."

Ban san ko ta yarda da maganar ba. Tana faɗa tana jijjiga yaron a cinyarta, idonta na kan bango.

Washegari na yi abin da ba a yi. Na yafa mayafi na nufi soro, inda Baba ke zaune a buzu da littafi. Suruka ba ta zuwa nan. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi, ya amsa yana mamaki. Na ce, "Baba, ɗana zai mutu."

Ranar na fara cewa ɗana da bakina. Na ga yadda wuyansa ya zama tsinke a cikin rawani, na gane shi ma ganyen yake ci. Ya ce, "Na ji, 'yata. Koma ciki." Ta kafar ƙofa na ga ya ɗauki sandarsa ya nufi gidan dagaci. Na ɗora tukunya na zuba ruwa, na tanadi kara. Bayan la'asar ya dawo shi kaɗai, ya shige ɗakinsa. Aka aiko min da rubutu a ƙoƙo, a ba yaro. Na ɗura masa, rabi ya bi gefen baki.

Ba a yi mako ba, wata safiya ina tsakar gida ina dakan ƙaiƙayina, Inna ta fito daga ɗaki ta tsaya. Ta ce, "Ajiye taɓaryar." Na ajiye. Ta yi salati a hankali. Na tsaya ina jiran wani abu ya taso min, ba abin da ya taso sai zugin tafin hannu. Ita ta yi kuka. Ni ko na so ba ni da izini, ɗan fari ne. Malam ya ɗauke shi a hannu cikin ɗan ƙyalle, bai fi kaza nauyi ba, suka fita.

A wani gida, yaron goye in ya rasu kafin azahar an gama, kowa ya koma harkarsa. A shekarar ma an daina ƙirga su. Amma wannan jikan Sharifi ne mai sunan kakan gida. Labari ya kai birni. Hakimi ya aiko, dagatai suka zo, tsofaffin 'yan jam'iyyun nan biyu suka zauna a tabarma ɗaya, dangin birni suka iso da motoci. Kuma ba wanda ke zuwa gaisuwa gidan Larabawa hannu sake. Buhunan gero, shinkafa, alkama, sukari, manja, har da rago. Abin gaisuwa ba roƙo ba ne, ba a kuma mayar da shi. Aka jibge su a ɗakin da nake shanya tafasa. Turame uku aka kafa a tsakar gida, matan gari suka karɓi daka, aka hura tanderu aka gasa gurasa ta gaske, yara suka cika ƙofar gida.

Matar dagaci ta zauna kusa da ni ta yi min gaisuwa. Ta ce, "Allah sarki. Rannan fa Baba ya zo wurin maigidan, ya daɗe. Suka yi ta hirar damina da mutanen da. Ya tambayi yadda rabo ya tafi, aka ce lafiya, ya sa albarka ya tashi. Ga buhuna a bayansa ya jingina da su. Wallahi da ya ce uffan."

Na ce, "Haka Allah ya so."

Ta ce, "Haka ne. Ci abinci, kin ji."

Aka turo min kwano, tuwon shinkafa da miya da tsokar rago a sama. Na ɗauka ba zai wuce maƙogwarona ba. Ya wuce. Na cinye, aka ƙaro, na cinye. Da yamma aka dama kunu na sha, da safe fura, da rana gurasa da romo. Duk wadda ta shigo sai ta ce a ba uwar yaro ta ci, ni kuma ina ci, ina amsa gaisuwa, ina cewa sai haƙuri. Na tsani bakina a kwanakin nan, amma ban hana shi ba.

Ranar sadakar uku na tashi ƙirjina ya yi nauyi yana zafi. Ina zaune cikin mata ana raba gumba, na ji sanyi a gaban rigata. Na duba, ta jiƙe har zane. Inna na gefe, ta gani. Ta cire mayafinta ta yafa min, ta kama hannuna ta kai ni bayan ɗaki inda ba kowa.

Ta ce, "Matse ki zubar, in ba haka ba zai sa miki zazzaɓi."

Ta juya baya ta tsare hanya. Na tsuguna a gindin katanga ina matsewa, ƙasa na shanyewa. Na matse ɗaya na koma ɗayan, na dawo na farkon ya sake cika. Fari ne tas, mai kauri, kuma da yawa. Da ya ishe shi har ya yi saura.