Na Ce Gidan Inna Na Ƙasa Ne, Haka Suka Rubuta

A lokacin da abin nan ya faru ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Riyad, ina zaune a unguwar Shifa da wasu abokan aikina, kuma ina ganin kaina mace mai wayo. Wayon nawa kuwa ɓoye samu ne. Duk wanda ya zauna Saudiyya ya san da zarar an ji kana nan, dangi gani suke a ƙasa kake tsintar riyal. Don haka da na tashi gyara wa Inna gidan da mahaifinmu ya bar mata, sai na gyara ciki na bar waje. Na yi mata ɗakuna na bulo, na sa tayil da silin, na haƙa rijiyar burtsatse, amma katanga da zaure na bar su na ƙasa yadda kakanmu ya gina su. Mai wucewa sai ya tausaya mana, ni kuwa ina dariya a raina.

Ana nan sai gwamnati ta ce za ta faɗaɗa hanyar da ta ratsa unguwarmu, za a rushe gidajen bakin titi a biya diyya, namu na ciki. Aka ce gari ya fitar da mutum ɗaya da zai shugabanci kwamitin kimanta gidajen, abin da ya sa wa hannu shi za a biya kowa. Ƙungiyar ci gaban garinmu ce za ta yi zaɓen, mu na waje ma muna da ƙuri'a ta waya, kuma ana jin maganarmu a gida tunda mu ake kira in ta ɓaci. Mutum biyu suka fito. Ɗaya tsohon ma'aikacin ofishin filaye ne, dattijo mai taurin kai, ya ce shi gida-gida zai bi, ɗaki-ɗaki, ya gani da idonsa. Ɗayan kuma ɗan wan mahaifina ne, wanda tun ina ƙarama Yaya nake ce masa.

Yaya ya zo Umra, daga nan ya biyo Riyad wai don gaishe da 'yan gari. Ni na kama masa istiraha a bayan unguwar Suwaidi, irin gidan shaƙatawar nan da ake haya don taro, ni na yi odar kabsa, shinkafar Larabawa, ni na bi mata ɗaya bayan ɗaya har unguwar Manfuha ina roƙo su zo. Mutumin nan ya san inda yake mana ƙaiƙayi. Ya ce dattijon can so yake ya shiga ɗakunan matan mutane da igiyar awo, gobe duk gari a san wa ya sa tayil, wa ya sa na'urar sanyaya ɗaki. Shi kuwa ɗan gida ne, ya san abin da kowa ya gina, zai rubuta gaskiya asirin kowa a rufe. Wallahi sai da aka yi masa kabbara, don ashe ba ni kaɗai ce mai katangar ƙasa ba. Bayan taro ya ja ni gefe ya ce in taimaka masa da ɗan bidiyo, in ce mahaifiyata gwauruwa ce a gidan ƙasa, shi kaɗai ne zai tausaya wa irinta. Na ce masa ai ya san gidan ba haka yake ba, a kan tayil ɗin nan ya sha cin tuwon Inna. Ya yi dariya ya ce kamfe ne kawai, talakawa suna son jin na waje ma nasu ne. Na gyara mayafi na yi, har da share ƙwalla.

Ya ci zaɓe. Ranar kimantawa 'yan kwamitin ko daga mota ba su sauko ba a ƙofar gidanmu, suka dubi katanga suka rubuta gidan ƙasa. Abin da aka yanka wa Inna ko fili ba zai saya a bayan gari ba. Na yi ta kiransa yana kashewa. Da ya ga dama ya ɗauka, sai ya hau ce mini ƙanwata, ƙanwata, wai in yi masa adalci, ta yaya zai rubuta gidan bulo alhali duk gari an ga bidiyona ina cewa na ƙasa ne, ai sai a ce ya fifita danginsa, mutuncinsa ya zube. Mutuncinsa! Mutumin da garken awakin surukinsa ya koma jerin shaguna a takarda, shi ne yake mini wa'azin son kai. Na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa na gaba da ni ba, kuma har yau ban yi nadamar ko kalma ɗaya ba.

Na nemi hutu in je da kaina, shugabarmu a asibiti ta ce ma'aikata sun yi ƙaranci, babu bizar fita da dawowa sai bayan watanni. Ƙanena ya ɗauki hotunan cikin gidan ya kai ofis, aka ce an rufe, shugaban kwamiti ya riga ya sa hannu. Ina ɗakin hutun ma'aikata, da kayan aiki a jikina, ƙanen nawa ya kira ni ta bidiyo na ga katafila ta shiga zauren kakanmu. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, da katangar ta faɗi jama'a suka ga tayil da famfo, maimakon jaje sai gulma ta tashi. Wata gwaggona cewa ta yi ashe haka nake da shi nake musu kukan babu, Allah ne ya kama ni. Shi kuwa wanda ya cuce mu ana ta gaishe shi a masallaci.

Na san nawa laifin, ba sai an tuna mini ba. Amma ina gargaɗin 'yan uwana da ke aiki a waje, duk ɗan takarar da ya ce zai rufa maka asiri a kan dukiyarka, to ya riga ya san ba za ka iya kai ƙara a fili ba in ya danne ka. Ku zaɓi wanda zai shiga ya gani, ko da fuskarsa ba ta muku daɗi. Kada kuma ku ara wa kowa bakinku don zumunci, domin ranar da ta juya ba zai tuna kun haɗa kaka ba.

Inna tana ta ce mini in yafe masa, jini ba ya tsinkewa. Na ce mata to, don kada in ɓata mata rai, amma ban yafe ba. Yanzu tana ɗaki ɗaya a gidan ƙanenta. Matar da tun kafin a haife ni baƙi ke sauka a gidanta, yau sai ta tambayi matar gida kafin ta ɗora tukunya.