Shaidun Sallau Maƙeri

Sallau maƙeri ya rasu a damanar da aka fara aikin gadar Malanbil. Mutanen Gaya sun san shi da lauje da ƙugiyar kifi, amma ba da su ya so a tuna shi ba.

A gidan ƙira aka haife shi, a bayan kasuwa. Matarsa Yalwa bandar kifi take yi, tana saro shi wajen masuntan Tunuga. Shekara da shekaru yana ganin idanunta jajur saboda hayaƙi, ga kifin wani ya ƙone, wani ya yi tsutsa kafin ya kai Doso. Wata rana ya samo tsohuwar gangar ƙarfe wajen masu manyan motoci. Ya yanke ta, ya jera ragar waya hawa-hawa a ciki, ya yi mata wata 'yar ƙofa a ƙasa, wadda ke juya hayaƙi ya zagaye kifin kafin ya fita. Ƙofar nan ta cinye masa rani guda.

"Malam, in ka ƙona mini kifi, kai za ka cinye shi har da ƙayar," in ji Yalwa.

Kifi bai ƙone ba.

A al'adar maƙeran garin, ba a sayar da sabon aiki sai an kai wa Sarkin Maƙera ya sa albarka a gaban 'yan'uwa. Sallau ya kai gangar ranar kasuwa, ya buɗe ƙofar ya nuna wa kowa yadda take. Maƙera suka auna da taƙi, baƙi ma suka leƙa. Bayan shekara biyu wani ɗan kasuwa ya sa ana ƙera irinta a garin Faraku ana kawowa. Rannan wata mata ta tsaya a bakin maƙerarsa ta tambaye shi ko ya iya yin "'yar Faraku". Ya ce ya iya. Ranar bai ci tuwo ba.

Ɗan ƙanwarsa Zakariya'u, wanda ya gama makarantar lakwal a Yamai ya dawo yana tafinta a bariki, shi ya ba shi labarin wata takarda da Faransawa ke kira birebe, wadda ke ɗora sunan mutum a kan abin da ya ƙago.

"Sharuɗɗa ne, Kawu. Abin ya yi aiki, a iya ƙera shi da yawa, kuma ya zama sabo."

"Sabo fa? Kafin ni uban wa ya yi ta?"

Sallau ya ɗauka shari'a ce irin ta alƙali, inda mai yawan shaidu ke rinjaye. Ya tafi bariki da Sarkin Maƙera, da maƙera 'yan'uwansa, da matan banda. Wani Bature, mataimakin kumandan, ya fito ya zagaya gangar, ya yi ta buɗe ƙofar yana rufewa. Sa'an nan ya tambaya ko wani ya taɓa ganin cikinta.

"Duk Gaya," in ji Sallau, yana nuna jama'arsa. "Har Dandawan ƙetare. Ranar kasuwa na nuna."

Sarkin Maƙera ya ƙara da cewa shi da kansa ya sa aka koya wa kowa.

Baturen ya yi magana mai tsawo. Zakariya'u ya juyo wajen Sallau.

"Kawu, ya ce aikin ya yi kyau. Amma a dokarsu, abin da aka riga aka nuna wa jama'a ya daina zama sabo, ko da mai shi ne ya nuna. Da sai ka ɓoye, ka nemi takardar tukuna."

"In ɓoye wa Sarkin Maƙera?"

"Haka ya ce."

Sallau ya dubi shaidunsa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya bi su gida-gida ya roƙe su su zo.

Daga nan ya sake hali. Ya kewaye bayan maƙera da zana, ya shiga wani sabon aiki da ba ya bari kowa ya gani, har Yalwa. In Sarkin Maƙera ya zolaye shi, "Sallau, amarya ka ɓoye a can?", sai ya yi murmushi ya ce da saura. Zakariya'u yakan zo ya ce masa ko shi kaɗai a nuna masa, ya zana a takarda a ajiye. Sallau ya ce tafinta bakinsa na mutane ne.

Zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Bayan sadakar bakwai aka ɗage zanar. Aka tarar da wani abu mai ƙafar keke biyu, da sarƙa, da bututu lanƙwasasshe. Maƙera suka juya shi, suka juya. Wani ya ce na jan ruwa ne daga kogi, wani ya ce sabon zugazugi ne.

Abin yana nan a zauren Yalwa, ta rufe shi da tabarma. Zakariya'u yakan ɗaga tabarmar in ya zo gaisuwa, ya duba, ya mayar. Ganga kuwa tana kowane gida a bakin kogi, kuma 'yar Faraku ake ce mata.